KIFIN KOGI NA WA NE?

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa masu bibiyar wannan shafi, a makon da ya wuce wani matashi ya turo mini saƙo ta akwatin sirri. Na nemi izininsa in kawo maganar nan ba tare da na faɗi sunansa ko garinsu ba, ya amince. Garinsu a bakin kogi yake. Ya ce da rani, idan ruwa ya janye ya bar tafkuna a fadama, shi da abokansa sukan haɗa kuɗi su sayi maganin ƙwari irin na gona, su zuba a tafki da dare. Kafin asuba kifi ya taso sama, ciki a sama, sai kwasa kawai. Su ƙyafe, su kai kasuwa. Ya ce wani dattijo ya tare shi ya ce masa abin da yake yi haramun ne, shi kuma ya mayar masa da cewa Allah ya halatta kifi, kuma kogin ba gonar uban kowa ba ce. Sai ya rufe da cewa: "Malam, a gaya mini gaskiya. Abin da ba shi da mai shi, ta yaya ɗaukarsa zai zama laifi?"

Wallahi tambayar ta zauna mini a rai, domin ta fi ƙarfin kifi. Ita ce tambayar da ke bayan duk abin da muke yi wa kayan jama'a, daga rijiyar burtsatsen unguwa har zuwa baitulmali. Amma bari mu tsaya a bakin ruwa, domin a nan ya yi tambayarsa.

Da farko mu ba yaron nan gaskiyarsa. Su halal ne, farauta halal ce. A Suratul Ma'ida aya ta 96 Allah ya halatta mana abin da ake kamawa a ruwa, ya kuma bayyana shi a matsayin abin jin daɗi ga mazauna gida da matafiya. A Suratun Nahli aya ta 14 ya lissafa ɗanyen naman da muke ci daga ruwa cikin ni'imominsa. A aya ta 4 ta Ma'ida ya halatta abin da karnuka da tsuntsayen da aka horar suka kamo. Adiyyu ɗan Hatim, Allah ya ƙara masa yarda, ya yi ta yi wa Annabi (SAW) tambayoyi a kan farauta da kare da kibiya, aka ba shi amsa dalla-dalla, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito. Saboda haka masunci da maharbi masu sana'a ne kamar manomi da maƙeri, kada wani ya raina su da sunan addini. Malamanmu sun kuma ce kifin da ke yawo a kogi da tsuntsun da ke tashi a sama ba mallakin wani mutum ba ne har sai an kama, wanda ya kama kuma ya zama nasa. Har nan yaron bai yi kuskure ba.

Inda ƙafarsa ta zame shi ne fahimtar kalmar "ba na kowa ba". Mu a tunaninmu na yau, abin da ba na wani takamaiman mutum ba, to ganima ce, wanda ya riga ya fi rabo. Shari'a ba haka ta kalli abin ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sanya Musulmi abokan tarayya a cikin abubuwa uku: ruwa da ciyawar kiwo da wuta. Ka lura da kalmar tarayya. Wanda yake tarayya da wasu a shago ba ya cewa shagon ba shi da mai shi. Ya san masu shi suna da yawa, shi ɗaya ne daga cikinsu. Haka kogi yake. Masu shi sun yi yawan da ba za ka iya kiransu taro ba. Akwai masuncin da ke ƙasa da kai, wanda ruwan da ya wuce ka zai isa wajensa gobe. Akwai Bafillacen da zai shayar da shanunsa, da matar da za ta ɗebo na girki, da mai lambun da zai yi ban ruwa, da yaron da za a haifa baɗi wanda shi ma a wannan ruwa zai nemi abinci. Ko dokar ƙasa ta 1978 a kan filaye cewa ta yi ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana domin amfanin jama'a. Amana kuwa tana da masu ita.

To mene ne rabonka a cikin tarayyar? Rabonka shi ne abin da ka kama ta hanyar da za ta bar wa saura nasu. Mai fatsa ya kama tarwaɗa, mai birgi ya jefa ya kwaso karfasa, mai koma ya ja ya samu rabonsa, duk sun ɗauka daga abin da kogi ya haifa, kogin kuma zai sake haifarwa. Mai guba fa? Guba ba ta zaɓe. Tana kashe babba, ta kashe ƙarami, ta kashe ƙwai, ta kashe ƙananan halittun da kifin yake ci, ta kashe kwaɗi, tsuntsun da ya ci mataccen kifi ya bi sahu. Abin da ka kwasa kaɗan ne a kan abin da ya nutse ya ruɓe a ƙasa. Maganin nan da mutanenmu suka daɗe da sani da suna Gamalin 20, sinadarin da ke cikinsa jijiyoyi yake kamawa, kuma yana taruwa a cikin kitsen jiki, shi ya sa a 2009 ƙasashen duniya suka sanya shi cikin jerin sinadaran da za a daina amfani da su a noma. Ƙyafewa ba ta wanke shi. Wanda ya sayi kifin nan ya kai wa iyalinsa bai san abin da ya saya ba.

Ka ga a aiki ɗaya an tara laifi uku. Na farko ɓarna a bayan ƙasa, kuma a Suratul Baƙara aya ta 205 Allah ya zargi mutumin da yake kai-komo yana halaka shuka da 'ya'yan dabbobi, ya kuma bayyana cewa ba ya son ɓarna. Na biyu cutar da mutane, alhali ƙa'idar hana cuta da rama cuta tana cikin hadisan da ko ɗan Islamiyya ya haddace, hadisi na 32 a Arba'una ta Imam Nawawi. Na uku algus. Ku tuna lokacin da Annabi (SAW) ya tura hannunsa cikin tsibin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya yi masa kashedi mai tsanani a kan ɓoye aibin kaya, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Danshi ne kawai fa. Ina ga guba?

Haka nan mai jan gidan sauro a ruwa. Gidan sauron da aka raba domin kare yara daga zazzaɓin cizon sauro, an mayar da shi koma. Idonsa ƙanana ne ƙwarai, ba ya barin ko ɗan kifin da bai kai yatsa ba. Kifin da da an bar shi watanni zai cika tukunya, kuma ya yi ƙwai dubbai kafin a kama shi, an kwashe shi tun yana abin da ba ya ƙosar da kyanwa. Wannan cin iri ne, kuma kowa ya san abin da ke samun manomin da ya dafa irinsa kafin damina.

Akwai wata aya da nake so mu tsaya a kanta. A Ma'ida aya ta 94 Allah ya sanar da muminai cewa zai jarrabe su da abin farauta wanda zai zo kusa har hannayensu da masunsu su iya kai gare shi, domin a bayyana wanda yake tsoronsa a ɓoye. Ayar a kan masu harami ta sauka, amma darasin da ke cikinta bai tsaya a kansu ba. Jarrabawar tana cikin sauƙin abin. Da a ce dabbar tana nesa, barinta ba ya nuna komai. Haka mutanen garin bakin teku da aka ba da labarinsu a Suratul A'araf aya ta 163: ranar Asabar da aka hana su kamu, ranar ce kifi yake tasowa a fili. Tafkin rani ma haka yake. Ruwa ya janye, kifi ya taru a wuri ɗaya ba shi da mafita, dare ya yi, ba ɗan sanda, ba sarkin ruwa, kwalbar magani tana aljihunka. A wannan daren ne ake auna imaninka, fiye da sahun farko na ranar Juma'a inda kowa ke kallonka.

Na san abin da wasu za su rubuto a ƙasa. Za su ce Malam, kai ka ƙoshi ne, talauci ne ya sa. Ban raina wannan magana ba. Na zauna da masunta, na san akwai wanda zai kwana a kwale-kwale ya dawo da abin da bai isa kuɗin cefane ba. Amma mu yi wa kanmu adalci. Lalurar da Shari'a ta sani ita ce wadda mutum zai halaka idan bai ci ba, kuma ana auna ta gwargwadonta, sannan ba ta ba ka damar jefa wani cikin irin abin da kake gudu. Idan ka kashe tafki a bana, wa ka cuta? Mai kuɗi zai sayi kifin kiwo ko na kwali. Talaka ɗan uwanka, wanda fatsarsa ce jarinsa, shi ne zai zo gobe ya tarar da ruwa babu motsi. Kai kanka baɗi a ina za ka zuba maganin?

Wasu kuma za su ce, idan ni na bari wani zai yi, gara in riga shi. Wannan ita ce maganar da ta cinye dazuzzukanmu. Kowa yana tsoron kada a riga shi, sai kowa ya yi sauri, sai abin ya ƙare a hannun kowa. Bukhari ya ruwaito daga Nu'umanu ɗan Bashir misalin mutanen da suka shiga jirgin ruwa, wasu a sama wasu a ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda ɓangarensu domin su riƙa ɗibar ruwa ba tare da sun dami na sama ba. Idan aka bar su kowa ya nutse, idan aka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Darasi biyu ne a ciki. Kai kada ka huda, sannan kada ka zuba ido ana hudawa. Laifin wani ba ya zama maka lasisi, kuma shirun mutanen gari ba ya wanke su.

A nan ne maganar hukuma ta shigo, kuma a nan nake so masu mulki da masu hali su saurara, domin ba daidai ba ne a sauke duk wa'azin a kan talaka. Annabi (SAW) ya keɓe wani wuri mai suna Naƙi'i kusa da Madina domin maslahar jama'a, wannan shi ake kira hima. Sayyidina Umar ya keɓe Sharaf da Rabaza. Amma ku ji umarnin da ya ba yaronsa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan wurin, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Bukhari. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usmanu ɗan Affan. Dalilinsa shi ne su idan dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabinai da za su koma, shi kuwa talaka da 'ya'yansa zai zo ƙofar Umar yana kuka. Manyan Sahabbai biyu, cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, aka ce a tare dabbobinsu saboda talaka.

Yanzu ku kwatanta da abin da muke gani. Mai ƙarfi ya datse mashigar ruwa da dumba, ya kafa tarkuna daga wannan gaɓa zuwa waccan, duk kifin da zai wuce nasa ne, na ƙasa da shi su sha iska. Wani ya zagaye bakin kogi da katanga ya toshe mashayar dabbobi. Ku dubi fadamar Haɗeja zuwa Nguru, inda kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su zama kogin Yobe su nufi tafkin Cadi. An gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992. Sun kawo noman rani da ruwan sha, ba mai musun haka, amma sun sauya yadda ruwa yake zuwa fadamar. Ambaliyar da kifi yake bi ya yi ƙwai ta ragu, ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su. Wanda yake buɗe ruwa da rufe shi daga ofis shi ma abokin tarayya ne, kuma za a tambaye shi a kan mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba.

Kakanninmu sun san wannan tsari tun kafin a rubuta doka. Kusan kowane garin bakin ruwa yana da sarkin ruwa, akwai tafkunan da ake rufewa sai ranar da aka buɗe a yi su na gayya. Ku dubi Argungu. Bikin kamun kifin da aka san shi da shi ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin bayan doguwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, kuma a 2016 hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun duniya da ake karewa. Me ya sa ake fito da giwan ruwa mai girman da sai mutane sun taru sun ɗaga? Domin ana hana kamu a wannan yanki na Matan Fada, a bar kifi ya girma, ranar bikin ma da homa da gora ake shiga. Haƙurin watanni ne yake haifar da murnar sa'a guda. A dokar Najeriya ta 1992 kan kamun kifi a koguna da tafkuna an haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki. Idan shugaba ya hana wani abu domin maslaha ta gaskiya, bin sa yana cikin addini, ko da babu mai gadi a wurin.

Mu hau tudu mu duba farauta. A Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda kusan kowane ɗalibi a ƙasar nan ya karanta, an bambanta farautar buƙata da farautar wasa, aka ce ta farko halal ce, ta biyu makaruhi. Idan wasan ya kai ga mayar da mai rai abin gwada saiti, to ya wuce makaruhi. Abdullahi ɗan Umar ya wuce wasu samarin Ƙuraishawa sun ɗaure tsuntsu suna harbinsa da kibau, da suka hango shi suka watse, ya sanar da su cewa Annabi (SAW) ya la'anci mai yin haka. Iyaye, wannan danƙon da ke wuyan ɗanku, wa ya koya masa ladabinsa? Yaro ya harbe balbela ko zalɓe ya jefar a nan, mu kuma muna dariya muna cewa yana da saiti. Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wasu Sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa guda biyu, uwar ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa ya sa aka mayar mata. A cikin wannan ruwayar ya ga gidan tururuwa da aka ƙona, ya hana azabtarwa da wuta. To ina matsayin wanda zai cinna wa fadama guda wuta domin ya kama gafiya uku? Ciyawar shanu ta tafi, sheƙar tsuntsaye ta tafi, wani lokaci har da amfanin gonar da ba a kwashe ba.

Ku tambayi dattawanku yaushe rabon su ga gauraka a fadama. Ku tuna yadda ungulu take cika mahauta da kan rimi a da, yau yara da yawa a karin magana kawai suka san ta. A 2015 aka sanya irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya, kuma cikin abin da ya jawo haka akwai guba da cinikin sassan jikinta domin tsibbu. Ita ce take kwashe mushe kyauta kafin ya zama cuta. A Suratul An'am aya ta 38 Allah ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummu kamar mu. Ƙarar da al'umma guda daga doron ƙasa ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai mutum na uku a bakin ruwa wanda muke yi wa dariya: mai kallo. Kowace shekara idan sanyi ya kama a Turai, agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye sukan ƙetare teku da Sahara su sauka a wurare irin Dagona a jihar Yobe da Baturiya a jihar Jigawa, su yi watanni sannan su koma. Mutane sukan zo daga nesa da madubin hange su zauna suna kallo suna ƙirgawa, mu kuma mu ce aikin banza ne na waɗanda suka ƙoshi. Anya kuwa? A Suratul Mulk aya ta 19, wadda da yawanmu muke karantawa kowane dare, Allah ya tambayi mutane ko ba su duba tsuntsayen da ke samansu ba, yadda suke buɗe fukafukai suna rufewa, babu mai riƙe da su sai shi. An kira mu mu duba, wasu ne suke dubawa. Manominmu na da ya fi mu wannan ilimi, yana ganin shamuwa ya san damina ta ƙarato. Mai kallo yana cin rabonsa daga tarayyar ba tare da ya rage wa kowa ba, tsuntsun da ya kalla yau mutum dubu za su iya kallonsa gobe. Shi ma da sharaɗinsa: kada ya firgita tsuntsu daga kan ƙwai domin hoto, kada ya raina masuncin da ya tarar, kada kuma a kori talaka daga abincinsa domin jin daɗin baƙo. Mizanin Sayyidina Umar yana aiki a nan ma.

Amsar da na ba yaron ita ce: kifin halal ne a asalinsa, hanyar da ka bi haramun ce, kuma dattijon da ya tare ka ya fi abokanka son ka. Ka tuba, ka daina. Tunda haƙƙin mutanen da ba za ka iya ƙirgawa ba ne, ka yawaita sadaka gwargwadon abin da ka ci, ka je ka ba dattijon haƙuri, kuma ka zama na farko da zai hana idan an sake kawo shawarar. Ya rubuto mini cewa abokansa za su ce ya zama ustazu. Na ce masa su faɗa.

Ga sauranmu, limaman garuruwan bakin ruwa su sa wannan cikin huɗuba kafin ruwa ya janye. Masu unguwanni da sarakunan ruwa su dawo da rufe tafki da ranar buɗewa, kuma dokar ta hau kan mai ƙarfi kafin marar ƙarfi. Masu sayar da maganin gona su ji tsoron Allah, idan ka san abin da za a yi da shi kana da kamasho. Masu hali su taimaki samarin nan da koma mai faɗin ido ko jarin kiwon kifi, domin wa'azi ya fi shiga idan akwai abin yi.

Wanda yake zaune a garin bakin kogi ya faɗa mana a ƙasa yadda ake yi a wajensu, mu ƙaru da juna. Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare hannayenmu daga haƙƙin bayinsa masu magana da marasa magana, ya sa mu ji tsoronsa a inda babu mai ganinmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.